Bangon da Ya Yi Gumi: Nazarin Wata Matsalar Gas a Gidan Haya

Rigimar da ƙanwata ta kira ni a kanta ta fenti ce. Mai gidan da suke haya ya aiko wakilinsa duba gida, wakilin ya ga kusurwar ɗakin kwana ta yi baƙi da fumfuna, fenti ya kumbura yana ɓarewa a bayan kabad, sai ya ce za a cire kuɗin gyara daga kuɗin ajiyarsu. Ita kuwa ta dage ruwa ne ke ratso bango daga waje, saboda haka gyaran na mai gida ne.

"Yaya, ka zo ka gani da idonka," ta ce min a waya. "Bangon nan har gumi yake yi da safe."

Na je, na shafa bangon, tafin hannuna ya jiƙe, na goya mata baya. Mako uku muka kwashe ana ja-in-ja kan wanda zai sayi fenti, ba wanda ya tsaya ya tambayi inda ruwan yake fitowa a lokacin da ba a yin ruwan sama. Ruwa ba ya tsami banza. Na rubuta lamarin daki-daki ne saboda na tabbata gidajen haya da yawa suna cikin irin wannan hali yanzu haka, masu su da masu zama a cikinsu suna ta faɗa a kan bango.

Gidan da masu zama a cikinsa

Ƙaramin sashe ne a hawan ƙasa: ɗakin kwana ɗaya, falo, kicin da banɗaki. Mutum huɗu ke ciki, ita da mijinta mai aikin dare, da yara biyu, babbar mai shekara 7, ƙaramin mai shekara 3. Ba a ja bututun gas zuwa ginin ba, don haka da silinda ake girki. Murhun gas da tiyonsa da regileta duk a gidan suka tarar da su, silindar ce kaɗai tasu. Don ɗumama gida kuma akwai hitar lantarki da aka kafe a bangon falo.

Wannan hitar ce ta mutu a farkon sanyi. Sau biyu suka gaya wa wakilin mai gida da baki, sau biyu ya ce mai gyara yana nan tafe. Tagar ɗakin kwana ma ba ta rufuwa ruf, marfinta ya ɗan karkace, iska na zubowa kan gadon yara. Da dare ya riƙa yin sanyin da ƙaramin ke farkawa yana kuka, ƙanwata ta yi abin da kusan kowace uwa za ta yi. Ta cusa tsumma a gefen taga, ta shimfiɗa tawul a ƙarƙashin ƙofa, ta hau kujera ta liƙe kafar iskar da ke saman bangon ɗakin da kwali da salatif. Ta kicin ma, wadda ke ƙasa kusa da daɓe, ta toshe ta.

Mijinta kuma ya sayo hitar gas ta hannu, irin mai tayoyi da ake cusa silinda a cikinta ta baya, gabanta da faranti uku na tangaran masu yin ja in sun ɗau zafi. Irin wannan hita ba ta da bututun fitar da hayaƙi. Duk abin da wutarta ta haifar, a cikin ɗakin yake zama tare da mutane.

Kwana biyun farko an ji daɗinta. Daga nan ta fara wani hali: in an kunna ta an rufe ɗaki, bayan kamar awa ɗaya sai ta mutu da kanta. Mijin ya ɗauka tsufa ne. Ya lura cewa in ya danne maɓallin kunnawa bai saki ba wutar ba ta mutuwa, sai ya samo guntuwar waya ya naɗe maɓallin ya ɗaure shi a danne. Hita ta daina mutuwa. Da kyakkyawar niyya ya yi, yana so ya tafi aiki ya bar iyalinsa cikin ɗumi.

Safiyar da aka tafi asibiti

Ciwon kai ne ya fara zuwa. Ƙanwata takan tashi da safe kanta ya yi nauyi kamar an ɗora mata dutse, ta sha magani ta ce gajiya ce. Babbar yarinyar takan yi ƙorafin jiri kafin a tafi makaranta, amma da rana ta dawo garau tana wasa. Ƙaramin ya rage cin abinci, ya yawaita barci. Aka ce mura ce ta lokacin sanyi ke zagaya gidan, ko da yake ba mai zazzaɓi a cikinsu. Mijin kaɗai ne lafiyarsa lau, aka ce ai shi jikinsa ƙarfi gare shi. Shi ne kaɗai ba ya kwana a ɗakin, kuma ba wanda ya haɗa abubuwan biyu.

Wata safiya ya dawo daga aiki ya ƙwanƙwasa ba a buɗe da wuri ba. Da ta buɗe, tana dafa bango take tafiya, ƙaramin ya yi amai a kan gado, babbar kuma da ƙyar aka tashe ta. Hita na ci tun daren jiya. Allah ya sa bai tsaya neman dalili ba, ya kwashe su ya fitar waje, ya bar ƙofa a buɗe, suka nufi asibiti.

A can ma saura ƙiris a sallame su da maganin mura. Ɗan abin nan da ake maƙala wa a yatsa don auna oksijin ya nuna komai daidai, domin irin na yau da kullum ba ya bambanta jinin da ke ɗauke da oksijin da wanda gubar kabon monoksaid, wata iska da wutar gas kan haifar, ta kama. Likitar da ta duba su ce ta yi tambayar da ta warware lamarin: wa da wa ke ciwo, wa ya tsira, kuma da me ake ɗumama ɗakin? Da ta ji amsa ta sa aka ɗibi jininsu, aka sa musu oksijin nan take. Ta bayyana wa mijin cewa wannan guba tana manne wa sinadarin jini mai ɗaukar oksijin da ƙarfin da ya ninka na oksijin ɗin kansa sama da sau 200, kuma in mutum yana shaƙar iska ta yau da kullum sai an yi kamar awa 4 zuwa 6 kafin rabinta ya fita daga jini. Abin da ya sa yarinyar ke warwarewa a makaranta ke nan, ta dawo gida da dare ta sake ɗiba. An sallame su da yamma, da gargaɗin kada a sake kunna komai na gas a gidan sai ƙwararre ya duba.

Abin da mai aikin gas ya gano

Ni na nemo mutumin, mai takardar shaidar aikin gas, kuma na tsaya a kansa har ya gama. Bai fara da hita ba. Ya shiga ɗakin kwana ya ɗaga kai, ya ga kwalin da ke manne a kafar iska, ya ga tawul a bakin ƙofa, ya shafa gilashin taga ya duba yatsunsa. Sannan ya tsuguna gaban hitar, ya ga wayar da aka naɗa a maɓalli. Ya daɗe yana kallonta kafin ya warware ta, ya miƙa wa mijin ƙanwata a tafin hannu.

Bayaninsa ga shi, kamar yadda na fahimce shi. A cikin iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 oksijin ne. Irin wannan hita tana da ƙaramar wuta a gindin farantin, wadda aka tsara ta yadda in oksijin ɗin ɗaki ya sauka zuwa wajen kashi 18 sai harshenta ya janye daga ɗan ƙarfen da take ɗumamawa, ƙarfen ya huce, hanyar gas ta rufe. Wato mutuwar da hitar ke yi bayan awa ɗaya ba lalacewa ba ce, aikinta take yi. Ya zauna ya yi mana lissafi a bayan takarda. Hita mai ƙarfin kilowat 4.2 in an buɗe farantanta duka tana cin kusan kilo 0.3 na gas a awa, wannan kuma yana laƙume kusan mita kubik 0.8 na oksijin. Ɗakin mita 4 ne da 3, tsayinsa mita biyu da rabi, iskar cikinsa mita kubik 30. In an toshe shi tsaf, awa ɗaya da 'yan mintuna sun isa oksijin ya kai inda hitar za ta kashe kanta. Lissafin ya zo daidai da abin da suka gani a kwanakin farko, ba ƙari ba ragi.

Da aka ɗaure maɓallin, wutar ta ci gaba da ci a iskar da ba ta ishe ta ba. Gas in ya samu isasshiyar iska yana ƙonewa sarai, ya bar kabon dayoksaid da tururin ruwa. In iska ta gaza, ƙunar takan tsaya rabi da rabi, sai a samu kabon monoksaid, wanda ba shi da launi, ba wari, ba ɗanɗano. Ya nuna mana baƙin hayaƙin da ya taru a saman farantan, da ƙurar da ta toshe hanyar shigar iska ta hitar. Jan da farantin tangaran ke yi ba laifi ba ne, in ji shi, haka aka yi shi. Abin tsoro shi ne harshen wuta rawaya mai lilo a inda ya kamata a ga shuɗi tsayayye, da baƙi a jikin hita ko a gindin tukunya.

Sai maganar bango, kuma a nan ne jikina ya yi sanyi. Kowane kilo ɗaya na gas da aka ƙona yana sakin sama da lita ɗaya da rabi na ruwa a matsayin tururi. Silinda mai kilo 12.5, in ta ƙare a cikin rufaffen gida, ta zuba kusan lita 20 na ruwa a iskar gidan, jarka guda cur. Su kuwa sun ƙarar da fiye da ɗaya a hita kaɗai, ban da girki, ban da wankin yara da ake shanyawa a falo saboda sanyi. Tururin ba shi da mafita, sai ya bi bangon da ya fi sanyi ya kwanta a kai ya zama raɓa, fumfuna ta samu wurin zama. Gumin da na shafa da hannuna numfashin hitar ne. Kafar da aka toshe ta hana tururi fita ita ce kuma ta hana guba fita. Mako uku kafin ranar asibiti bangon ya riga ya faɗa mana iskar ɗakin ba ta sauyawa, ni kuma na tsaya a cikin ɗakin, hitar na gefena, ina tsara yadda za mu amsa wa wakilin mai gida.

A kicin ya tarar da wata matsalar daban, wadda ba ta da alaƙa da ciwon kai amma tana iya fin sa muni. Ya karanta shekarar da aka buga a jikin tiyon murhu, ta haura shekara tara, alhali masu ƙera irinsa sukan ba da shawarar a sauya shi bayan kamar shekara biyar, ko da zarar ya fara tsagewa. Ya lanƙwasa shi, sai ga ƙananan tsagu kamar faso a diddige. Ya kaɗa sabulu a ruwa ya shafa a mahaɗar tiyo da regileta, ya buɗe silinda. Muna kallo kumfa ta fara tasowa a hankali, ƙwaya ɗaya ta kumbura ta fashe, wata ta biyo. Yoyon kaɗan ne, shi ya sa warin da ƙanwata kan ji jefi-jefi take ɗauka na kunna murhu ne. Silindar ajiya kuma tana cikin kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke, dab da magudanar ruwa ta daɓe.

Gas ɗin silinda ya fi iska nauyi, irin da ake kira furofen da kusan ninki ɗaya da rabi, irin da ake kira biyuten da kusan ninki biyu. In ya yi yoyo ba sama yake tashi ba, ƙasa yake bi kamar ruwa, ya taru a kabad, a rami, a magudana. Kafar da ke kusa da daɓe an yi ta ne musamman don ya samu hanyar fita, ita ce ƙanwata ta toshe. A cikin silinda ruwa-ruwa yake, in ya fito ya zama iska yakan faɗaɗa kusan sau 250, kuma da zarar ya kai wajen kashi 2 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsin makunnin fitila ko na firji ya isa ya tayar da shi. Don haka ya ja mata kunne: in ta ji warin gas kada ta taɓa makunnin lantarki, ko don kashewa ne, ta rufe kan silinda, ta buɗe ƙofa da taga, ta fita da yara, ta yi waya daga waje.

Warin nan ma ba na gas ba ne na asali, wani sinadari mai ɗoyi ake zuba masa da gangan don hanci ya kama yoyo. Al'adar ta ƙarfafa ne bayan fashewar gas marar wari a wata makaranta a garin New London na jihar Texas ta Amurka a 1937, inda kusan mutum 300 suka rasu, galibinsu yara. Sai dai wannan kariya ta yoyo ce kawai. Ƙanwata ta riƙa cewa ai da akwai matsala da ta ji wari, kuma mutane da yawa haka suke zato. Hanci yana kama gas ɗin da bai ƙone ba. Gubar da wuta ke haifarwa kuwa na'urar gargaɗi kaɗai ke jin ta, kuma babu ita a gidan.

Laifin wa?

Mun zauna da mai gidan da kansa, dattijo ne mai sauƙin kai, kuma a ranar ya fara jin labarin hitar bango da ta mutu. Wakilinsa bai taɓa isar da saƙon ba. Amma shi ma ya zo da takardar yarjejeniyar haya, ya buɗe shafi na uku, ya nuna layin da ya haramta shigo da hitar gas ko ta kananzir cikin gidan. Mijin ƙanwata ya sa hannu a takardar bai karanta wannan shafin ba. Sharaɗin ba baƙo ba ne, masu gidaje da yawa suna sa shi saboda gobara, da danshi, da kuma inshorar gini wadda kan iya ƙin biya in an karya shi.

"Baba, ba don raini muka yi ba," in ji ƙanwata. "Yaron nan ne ba ya iya barci don sanyi."

"Na sani, 'yata," ya ce. "Da kin same ni da kaina da ba a kai nan ba."

A ganina laifin ya rabu, amma ba daidai-wa-daida ba. Ɗaure maɓallin da toshe kafofin iska aikin masu haya ne, kuma su ne suka kusa jawo rasa rai. Wannan ba shi da kwana-kwana. To amma mutum ba ya hawa kujera ya liƙe kafar iska haka kawai. Wanda ya karɓi kuɗin haya ya bar iyali wata biyu cikin sanyi ba abin ɗumama gida, da tagar da ba ta rufuwa, shi ya tura su neman mafita, suka gudu daga gara suka tarar da zago. Tiyon da ya shekara tara nasa ne. Wakilin kuma, ranar da ya zo duba gida, ya kewaye hitar gas ɗin nan da ƙafarsa kafin ya isa bangon da ya ɗauki hotonsa. Ya ga abin da za a cire wa kuɗi, bai ga abin da ya haifar da shi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda gidan haya ke raba abu ɗaya gida biyu. Wuta a hannun ɗan haya take, bango da taga da kafar iska na mai gida ne, alhali lafiyar wutar ta dogara ne kacokan a kan iskar da ginin ke bari ta shiga. Wanda ke zaune a gidan kansa in ya ga bango ya jiƙe zai nemi dalili, don shi zai biya ko ta yaya. A gidan haya kuwa da an ga danshi kowa sai ya fara tara hujjar kare aljihunsa. Ko doka ma takan bar wannan giɓi. A Birtaniya, misali, dokar 1998 ta wajabta wa mai ba da haya ya sa ƙwararre ya duba kayan gas ɗin da ya samar duk wata 12, ya ba ɗan haya takardar shaida, amma kayan da ɗan haya ya shigo da su da kansa ba sa cikin wannan wajibi. A ƙarƙashin irin wannan doka da an kama tsohon tiyo, hitar da ta kai su asibiti kuwa da ba wanda ya taɓa ta.

Yadda aka daidaita

An rubuta komai a takarda a wannan karon, kowa ya riƙe kwafi. Mai gida ya gyara hitar bango da tagar cikin mako guda, ya sauya tiyo da regileta, ya sa na'urar gargaɗin kabon monoksaid a kusa da ɗakin kwana, mai aikin gas ya nuna wa ƙanwata maɓallin gwaji da ranar ƙarewar aikinta da ke rubuce a baya, domin ita ma tana da wa'adi. Masu haya suka cire kwalin da salatif, suka fitar da hitar gas daga gidan. Na roƙi mijin kada ya sayar wa wani da ita, ya yarda, aka kai ta wurin masu karɓar tsoffin ƙarafa. Kuɗin fenti aka raba biyu. Duk wani ƙorafi daga yanzu a rubuce za a tura shi, kuma kai tsaye ga mai gida.

Dattijon ya so a fitar da silindar girki waje gaba ɗaya a ja bututu ta bango. Mai aikin gas ya ce shawara ce mai kyau, amma sai an duba irin gas ɗin. Biyuten yana daina tashi ya zama iska in sanyi ya kai wajen digiri 0 a ma'aunin Salshiyas, don haka a waje cikin tsananin sanyi murhu zai riƙa mutuwa alhali silinda na cike. Furofen kuwa yana aiki har wajen digiri 42 ƙasa da sifiri, sai dai ƙarfinsa a cikin silinda ya fi yawa, kuma ba a haɗa shi da regiletar da ba tasa ba. An bar wannan aikin sai bayan sanyi. Kafin nan silinda ɗaya ce a kicin, a tsaye, nesa da murhu gwargwadon tsayin tiyo, ana rufe kanta kowane dare. Ta ajiya kuma an yi mata keji mai shan iska a waje, cikin inuwa.

Abin da takardar ba ta warware ba shi ne kuɗin wuta. Ɗumama gida da lantarki ya yi musu nauyi, yanzu falo kaɗai suke ɗumamawa na 'yan awoyi da yamma, su ƙara barguna da dare. Kafar iskar ɗakin kwana kuma har yanzu tana shigo da sanyi, don aikinta ke nan. Sun janye gadon yara zuwa ɗaya bangon. Makon jiya da na je, na tarar ƙanwata ta matsar da kabad daga kusurwar da aka yi wa sabon fenti, ta kama hannuna ta ɗora a kan bangon. A bushe yake.